Gotar da Aka Fara Daga Ƙofar Masallaci

Ruwan bana ba ya sallama. Rana na tsakiyar ka sai gari ya haɗe, kafin mace ta kwashe shanya titi ya zama kogi. Duk unguwar Moshi Zango ba wanda abin ya hana sukuni kamar Hamamatu mai abinci, don gidansu ne na ƙarshe a gangare, daidai inda babbar gota, magudanar ruwan unguwar, ke kutsawa ƙarƙashin 'yar gada. Bangon ɗakin mahaifiyarta, Mma Lariya, ya tsage tun ambaliyar bara, ita kuwa tsohuwar ɓarin jikinta ya shanye, ko zama sai an tayar da ita. Ɗakin nan ne kaɗai rufin asirinsu.

Shi ya sa ranar Juma'ar da liman, Malam Masahudu, ya ɗauko zancen, Hamamatu ta ji kamar da ita yake. Ya ce ƙasa amana ce, duniya ta ɗau zafi, damina ta rikice, kuma robar da ake ƙunsa abinci a jefar ita ke toshe wa ruwa hanya. Washegari ta koma zuba wake da shinkafa a ganye. Masu saye suka yi ta tsiya, wai ta mayar da su zamanin kakanni. Ta ce kakannin ba su kwana a tsaye cikin ruwa ba.

Asabar ta zagayo, samarin masallaci suka fito da shebur don yashe gota. Shugabansu Razak ya so a fara daga gada, don can ne aboboya, keken kwashe bola, ke iya tsayawa. Dattawa suka ce a'a, aikin Allah ba a fara shi da juya wa ɗakin Allah baya. Daga ƙofar masallaci za a yi bisimilla, albarka ta gangara ta iske kowa. Hamamatu ta fi kowa ɗaga murya wajen amin, har ta ciyar da su kyauta.

Kafin azahar sun yashe rabin gotar, tas kamar an lashe. Nan aboboya ta mutu, ƙarfin samari ya bi ta. Hamamatu ta tare Razak ta tambaye shi yaushe za a iso wajensu.

“Asabar mai zuwa, Anti, in sha Allahu,” ya ce. “Ko hadarin ma ai yana jin kunyar Malam.”

Hadari bai ji kunyar kowa ba. Ranar Laraba bayan la'asar iska ta taso, yayyafi ya sauko, sai ga mutanen saman gangaren sun fito da gudu da kwandunan shara suna juyewa a gota, kamar yadda aka saba, ruwa ya tafi musu da ita. Har da matan waɗanda suka riƙe shebur. A da, bolar da ta cunkushe hanya ita ke tare ruwan nan da can, ya bazu kowane gida ya sami rabonsa iya idon sawu. Yau ba abin da ya tare shi. Ya taho gaba ɗaya, da shararsa, ya bugi bakin gadar da ba a yashe ba, ya rasa mafita, ya juyo.

Hamamatu ta shiga da muciya tana zungurar bakin gadar. Ta janyo roba ɗaya, goma su maye gurbin. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Ta kira sunan Razak, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi ta haɗiye muryar. Da ta waiga ta ga tabarmar Mma ta fito ƙofa tana yawo, sai ta saki muciyar.

Ta goya tsohuwar da zani, ta kama hawan gangaren tana dafa bangon mutane. Ba ta kai rabi ba ta ji ƙara a bayanta, mai nauyi, kamar an sauke buhu daga mota. Ba ta juya ba. Ta san ko mene ne.

A sashen mata na masallaci ta shimfiɗe ta. Ta taga tana hangen gotar ƙofar masallacin, ruwa na gudu a cikinta sumul, ko tsakar harabar bai taɓa ba. Razak ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, ya kasa haɗa ido da ita. Liman ya aiko da bargo, da saƙon cewa gobe da asuba za a fara daga gada.

Mma Lariya ta motsa hannunta mai lafiya ta kamo gefen zaninta.

“Hamamatu, kin dai kulle ɗakin ko? Kar akuyoyin nan su shiga.”

Hamamatu ta ja mata bargon har wuya.

“Na kulle, Mma,” ta ce.