Malam Birki da Motar Yashi

Shekara talatin da ɗaya Malam Birki ya yi yana koya wa mutane tuƙi, kuma ihun "Birki!" da yake yi wa ɗalibai ne ya jawo masa sunan. Ritaya ba ta canza shi ba. In ya shiga tasi, sai ya gyara wa direba zama kafin a tashi.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, gyaran janareta take yi. Ita ta sayo wata 'yar mota da ba ta wuce tsawon hannu ba, mai manyan tayoyi, tana shan fetur gauraye da baƙin mai, ana tuƙa ta da rimot. Duk Asabar takan kai ta filin yashin da ke bayan gidan bulo.

"Abin wasan yara," in ji shi. Amma ya saka takalmi ya bi ta.

A filin ta durƙusa ta cire soson tace iska, ta shafa masa mai, ta mayar.

"Baba, in yashi ya shiga injin nan, ya tashi aiki. Zuba mata mai, rabin tanki ya isa."

"Direban kirki ba ya fita da rabin tanki." Ya cika shi taf.

Ta ja igiya sau uku, motar ta tashi da ƙara kamar injin markaɗe. Ta zagaya da ita sau biyu, yana tsaye yana cewa ta cika taka wuta. Da ta gaji da gyaran da yake mata, sai ta miƙa masa rimot.

Tafiyar farko ta yi kyau, motar ta miƙe sak. Matsalar ta zo ne da ya juyo da ita. Ba wanda ya gaya masa cewa in mota ta fuskanto ka, hagunka ya zama damanta. Ya karya hagu, ta yi dama. Ya ƙara karyawa, ta nufo shi gadan-gadan. Malam ya daka tsallen da rabonsa da irinsa tun yana saurayi, motar ta wuce ta ƙarƙashinsa ta cusa kai cikin tsibin yashi. Ta fito ta ɗaya gefen tana zagaye da gudu, ba ta jin rimot ko kaɗan.

"Birki!" ya kwatsa mata. "Birki nake ce miki!"

"Baba, yashi ya riƙe totur. Hau nan, sai mai ya ƙare."

Suka haye jerin bulo. Mai gadin wurin ya riga su hawa, da butarsa a hannu.

"Zai daɗe?" Malam ya tambaya a hankali.

"Da rabin tanki ne, minti ashirin."

Motar na ta watsa musu yashi a ƙafa. Can mai gadi ya leƙa fuskar Malam.

"Malam, ba ka gane ni ba? Kai ka ce in bar tuƙi in nemi wata sana'a."

"To, ka samu?"

"Ga ta nan. Ranka ya daɗe, kai ma dai a duba."

Uwata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da suka koma gida, shi ya shimfiɗa buhu a tsakar gida. Ya kwance tayoyi da kansa, ya bi kowane lungu da tsohon buroshi, ya wanke soso, ya sa wa totur mai har ya saki. Yashin da ya fito ya cika murfin kwano. Matarsa ta tambaye shi wa ya tuƙa, ya ce hanyar ce ba kyau.

Asabar ta gaba ya riga Uwata shiri. Ya zo da dabararsa: da zarar mota ta fuskanto shi, sai ya juya mata baya ya waiwaya yana tuƙi. Dabarar ta yi aiki, ko bulo ɗaya bai taɓa ba. Sai dai kwana uku ya yi ana gasa masa wuya da ruwan zafi.