Hular Kestwell a Kasuwar Kifi

Shekara goma sha biyu Pyo Gye-sun ta yi tana zagayawa da masu yawon buɗe ido a birnin Busan na Koriya, ba ta taɓa kai baƙo garinsu na haihuwa ba sai da ofis ya haɗa ta da Mista Brenner da matarsa Doreen. Tsofaffi ne daga jihar Ohio ta Amurka, masu fara'a, ba su da fitina. Abin da ya tsone mata ido tun a filin jirgi shi ne hular da ke kan mijin, shuɗiya, da farin tsuntsu a goshi, a ƙasansa an rubuta Kestwell.

Kestwell ne kamfanin batir da ya shekara ashirin a bakin tekun garinsu. A can yayarta Gye-ok ta yi aiki, tana wanke ƙarafa a cikin wani ruwan magani mai wari, ko safar hannu babu. Ciwon jini ya kashe ta tana da shekara talatin da ɗaya, kuma ba ita kaɗai ba. Da mace-mace suka yi yawa, kamfanin ya kwashe injinansa ya tafi, shari'a ta yi ta jan ƙafa har lauyoyi suka gaji.

Mista Brenner bai san komai a kai ba. A sashen sufuri na hedkwatar kamfanin ya ƙare aikinsa, ranar da ya yi ritaya aka ba shi hular. Ya ce shekaru yana kallon hoton garin a kalandar ofis, yana so ya gan shi da idonsa.

A mota Gye-sun ta roƙe shi ya cire hular kafin su isa. Ya yi dariya, ya ce ai ya karanta babu ɓarayi a Koriya. Ta ce ba maganar ɓarayi ba ce, mutanen garin ne ba sa ƙaunar wannan suna. Ya ce duk inda aka rufe masana'anta haka ake yi, su ma a Ohio sun gani. Har ta buɗe baki za ta ambaci Gye-ok, sai ta hango Doreen ta madubi tana ɓare lemo tana miƙo mata. Ta haɗiye maganar. Ta ba lauyoyi wannan labari, ta ba 'yan jarida, ba ta da sauran ƙarfin ba wani tsoho mai kirki.

Sun ga kangon masana'antar, ciyawa ta cinye shi. Ya ɗauki hoto, sannan ya ce su ci abincin rana a kasuwar kifi. Ta so ta kauce, ya nace.

Suna shiga, hayaniyar layin farko ta fara mutuwa. A rumfa ta huɗu Gwak Mal-sun ce zaune tana feɗe kifi. Ita ce ƙawar Gye-ok, teburinsu ɗaya a masana'anta, ita ce kuma ta riƙe ƙafafunta ranar da ta cika. Ta dubi hular, ta dubi Gye-sun, ta miƙe a hankali ta ɗauki robar ruwan kifi ta sheƙa wa Mista Brenner a fuska. Ya ja da baya, santsi ya kwashe shi, ya faɗi a kan hannunsa. Wuyan hannun ya karye.

Daga asibiti suka wuce ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan ya ja Gye-sun gefe ya ce mata in baƙon ya shigar da ƙara, tsohuwar nan sai ta ga alƙali, in kuma ya yafe, magana ta mutu. Babu wani tafinta sai ita.

Mal-sun ba ta ko zauna ba. Ta tsaya a gaban Mista Brenner tana jero sunayen matan da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha bakwai.

"Faɗa masa, Gye-sun," in ji ta. "Ki fara da 'yar'uwarki."

"Yaya, ki bari mu fita daga nan tukuna."

"Na ce ki faɗa masa."

Mista Brenner, hannu a ɗaure, ya tambayi me take cewa. Gye-sun ta dubi ɗan sandan, ta dubi hannayen Mal-sun da ƙaiƙayin ruwan magani bai taɓa sakinsu ba. Ta ce masa tsohuwar tana ba shi haƙuri ne, ba ta da cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ɗauke shi wani daban.

Nan take fuskarsa ta saki. Ya ce mahaifiyarsa ma haka ta yi a ƙarshen rayuwarta. Ya sa hannu a takardar yafiya da hagu, har ya dafa kafaɗar Mal-sun. Ita ba ta jin Turanci, amma ta ga tausayin da ke idonsa, ta gane abin da aka yi mata.

Bayan kwana biyu baƙin suka koma Amurka. Doreen ta rubuto wa ofis wasiƙar yabo, manaja ya manna ta a bango.

Da kaka ta yi, Gye-sun ta je gida don tunawa da ranar rasuwar Gye-ok. Kowace shekara Mal-sun ce ke kawo kifin da ake ajiyewa a gaban hoton. Bana har rana ta take ba ta zo ba, sai Gye-sun ta taka zuwa kasuwa da kanta. Ta tsaya a rumfa ta huɗu ta ce, "Yaya."

Mal-sun ta goge hannu a jikin zanen aikinta, ta ɗan rusuna kamar yadda take yi wa mutanen Seoul, babban birni.

"Sannu da zuwa, baƙuwa," ta ce. "Wane iri za a auna miki?"