Baitulmalin Baba

Tun da Tela ya karɓi makullin garejin mahaifinsu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo ya tsaya gaban kabad ɗin ƙarfen da marigayin ya shekara talatin yana ajiye kayan aikinsa a ciki. Da ƙarfe biyu mai saye zai zo ya kwashe komai. Kuɗin kuma Auta, ƙanwarsa, ta riga ta yi musu wuri: da su za ta kama shagon da take nema tun bara.

Abin da ya hana shi sakat magana ɗaya ce. Kwana biyu kafin Baba ya cika, ya riƙo hannunsa a gadon asibiti ya ce, "Abin da ke baitulmali ba na gado ba ne." Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

To, wane baitulmalin? Baba shi ne ma'ajin ƙungiyar makanikan layin, kuma asusun ƙungiyar da wannan sunan suke kiransa. Wancan an miƙa shi tun ranar uku, ba wanda ya yi ƙorafi. Sai dai wannan kabad ɗin ma baitulmali Baba yake ce masa, cikin raha. In wani ya zo aron sifana sai Baba ya ce, ba tare da ya fito daga ƙarƙashin mota ba, "Duba baitulmali."

"Yaya, zagayen nan ya isa, ka sa ni jiri," in ji Auta daga bakin ƙofa, tana kare mayafinta daga baƙin mai. "Wasa fa yake yi. Ni ma ai Hajiya yake ce min tun ina rarrafe. Na je Makka ne?"

"Mutum yana wasa a gadon mutuwa?"

"Asusun ƙungiya yake nufi. Kowa ya gane, sai kai da ka saba warware ɗinkin da ba abin da ya same shi."

Tela ya buɗe kwaɗon kabad ɗin, ƙofar ta yi ƙara. Sifanu jere bisa girmansu, jak guda uku, filaya, guduma, da wasu ƙarafan da bai san sunansu ba. Wasu an ɗiga musu jan fenti a gindi, wasu shuɗi, wasu ba komai.

Ƙarar ce ta jawo Mai Walda, aminin Baba, daga shagon da ke maƙwabtaka, baƙin gilashi a goshinsa.

"Baffa, wannan fentin fa?" Tela ya tambaye shi.

Tsohon ya ɗauki jak ɗaya ya juya. "Shuɗin nan na Dogo ne, Allah ya jiƙansa. Da zai bar aiki ya ce a sa a baitulmali. Jan kuma... ko na wanda ya koma garinsu ne? Na manta. Da yawa dai ubanku ne ya saya da guminsa."

"Waɗanne?"

"Kai, ɗan nan! Ni na haifi sifanun?"

"Ka ji ko," in ji Auta. "Da guminsa."

Tela ya fita, ya kai har bakin kwalbati, ya dawo. In kayan na Baba ne, hana Auta rabonta zalunci ne, kuma shi ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙin wani. In kuwa Baba ya riga ya fitar da su daga hannunsa tun yana raye, da bakinsa, sau dubu a gaban shaidu, to abin da za su sayar na mutane ne. Kalmar da mutum ya shekara talatin yana maimaitawa cikin dariya, tana zama alkawari? Ya duba agogo. Saura kwata.

Sai ga wani makaniki ya shigo da sauri, hannu duk giris. Bai nemi izinin kowa ba. Ya miƙa hannu cikin kabad ɗin ba tare da ya duba ba, ya zaro sifana mai lamba sha bakwai, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, yau an buɗe mana. Sati biyu muna wahala!" Ya fice.

Su uku suka bi shi da kallo. Tela ya ciro wayarsa, ya kira mai saye, ya ba shi haƙuri. Muryar mutumin tana ta tashi har Tela ya kashe wayar.

Auta ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Kai ka sami kwanciyar hankali. Ni kuma shagona fa? Rabona ba baitulmali ba ne, Yaya."

"Na sani. Daga allurata zan fitar miki da shi."

"Yaushe? Mai shagon zai jira allurarka?"

Ta gyara mayafinta ta wuce, ba sallama. Ya bi bayanta da sauri, yana kiran sunanta a cikin hayaniyar injina, ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba.