Ranar da Miji da Yaya Suka Shirya

Mai Hoto tana cikin goge gilashin kyamara sai ga mijinta da yayanta sun shigo shagon, kafaɗa da kafaɗa. Saura kaɗan ta saki abin da ke hannunta. Shekara goma sha ɗaya mutanen nan ba sa ga maciji da juna. Mijin ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, ko gishiri zai nema sai ya ambaci talakawa. Yaya kuwa shugaban 'yan kasuwar layin ne, a wurinsa duk mai neman ƙarin albashi ɗan gurguzu ne.

"Wa ya mutu?" ta tambaya.

"Ba kowa," in ji Yaya. Ya shimfiɗa takarda a kan tebur. "Ke kaɗai kika rage a layin nan. Sa hannu."

Takardar mubaya'a ce ga Jagora, wanda ya rushe majalisa a watan jiya, wai surutu ya yi yawa. Duk mai shagon da ya ƙi sa hannu, a garƙame masa ƙofa.

"Jagora namu ne, na masu gumi," in ji mijin. "Ya ce zai karya farashi."

"Namu dai," in ji Yaya. "Ya hana yajin aiki."

"To, ɗan jaridar da ke wanke hotunansa a nan, wanda aka jefa a mota ranar Talata da takalmi ƙafa ɗaya, shi na waye?"

Su biyun suka ɗaga kai suna nazarin fanka.

"Na daɗe ina roƙon Allah ya haɗa kanku," ta ce. "Laifina ne, ban faɗi a kan me ba."

Da azahar jami'in gwamnati ya iso da kwaɗo da fom. Da hannunta ta fente bangon shagon nan, a cikinsa 'ya'yanta suka koyi tafiya.

"Malama, tunda kin ƙi, sai na rubuta ɓangarenki na siyasa. 'Yar hagu ce ke ko 'yar dama?"

"Ni dai ba na son a ɗauke mutum don ya yi magana."

Jami'in ya duba fom, ya juya bayansa, ya sake dubawa. "Babu gurbin wannan."

"To, ka ga ba laifina ba ne."

Ya sosa ƙeya. Don gudun tambaya a ofis, ya cike gurbi biyun duka.

Ta rataya kyamara a wuya ta fito. Jami'in ya danna kwaɗo. Mijin da Yaya suka tsaya gefensa cirko-cirko, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

Ta ja da baya taku uku, ta ɗaga kyamara.

"Ku ɗan matso kusa da kwaɗon," ta ce. "Yaya, gyara wuyan riga."

Su ukun suka matso, suka miƙe ƙirji, suka yi murmushi.