Giwan Ruwan Mai Igiya

Mai Igiya ya rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinsa na bakin zaure, kwana biyu bayan an kai wani giwan ruwa gidan maƙwabciyarsa mai banda. Likita ya ce zuciya ce. Mai banda ba ta musa ba.

Ranar Litinin ne babban ɗansa ya turo mata kifin a baro, an lulluɓe da buhu, jelar tana jan ƙasa. An riga an farke cikin an cire jakar iska, wadda 'yan kasuwa ke rububin saya. A gindin ƙayar baya akwai 'yar lamba ta roba, ruwan ɗorawa.

Duk layin an san lambar nan. Sau huɗu cikin shekara goma sha ɗaya Mai Igiya yana kama wannan kifin da ƙugiya, ya auna da igiyarsa mai ƙulle-ƙulle, ya kai wa jami'in kula da kifi awon, ya saki kifin. Masunta suna tsokanarsa, wai shi ne mai kama abinci ya gaishe shi ya sallame shi. Shi kuwa cewa yake manyan giwan ruwa galibi mata ne, kuma irin wannan guda ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. Bai taɓa faɗa wa kowa gurbin da take kwanciya ba, sai bana da ƙafafunsa suka kumbura. Ya kira ɗan ya kwatanta masa wurin, don ya riƙa korar masu raga.

"Ɗan nan, me ka yi?" in ji mai banda.

"Goggo, ki kyafe kawai. Kada Baba ya ji."

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Hayaƙin ma zan roƙe shi ya yi shiru?"

Ya sa wuƙa ya yanke lambar, ya jefa a aljihu, ya tafi. Da ta bar naman har azahar, da ya ruɓe a tsakar gidanta. Ta wasa wuƙa. Ƙwan da ta kwashe ya cika roba.

Da la'asar matar Mai Igiya ta leƙo. "Yana kiranki. Wai ki taho da ɓawo ɗaya na kifin."

Ta same shi jingine da filo biyu, ƙafafu a kan kujerar tsuguno, kwalaben magani jere a taga. Ɗan yana zaune gefen gado yana yi masa fifita.

"Ƙanwata, yau kin yi babban baƙo," in ji Mai Igiya. "Man da ke ɗiga a wutarki ba na karfasa ba ne."

"Hancin nan naka ya ƙi tsufa, Yaya."

"Shi kaɗai ya rage yana aiki. Miƙo."

Ɓawon ya kusa cika masa tafin hannu. Ya ɗaga shi wajen hasken taga, yana bin zoben da ke jiki da farce, leɓensa na motsi. A haka ake gane shekarun kifi. Shi ya koya mata.

"Akwai ƙwai?"

"Akwai."

"Wa ya kawo?"

Mai banda ta dubi ɗan. Ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke jinya. Bai ɗago kai ba. Ya bar ta da tambayar.

"Masu kawowa suna da yawa, Yaya."

"Baba, ai giwaye ba su ƙare a ruwa ba," in ji ɗan.

"Kamar wannan? A ruwan nan? To ƙirga min su."

Mai Igiya ya ajiye ɓawon a kan cinyarsa.

"Bar fifitar," ya ce. "Na ji sanyi."

Wannan ce maganar ƙarshe da aka ji ya yi wa ɗansa. Ranar Talata ɗan ya kawo masa shayi, Mai Igiya ya juya fuska bango. Matarsa ta miƙa, ya sha kurɓi biyu. Mai banda ta shiga gaishe shi, ya amsa mata da "lafiya lau", irin wadda ake yi wa mai wucewa. Shekara talatin suna maƙwabtaka.

Jami'in kula da kifi ya zo ta'aziyya ranar Juma'a, a kan babur. Ya tambayi ɗan ko mamacin ya bar kwatancen gurbin, don ofis na shirin hana kamun kifi a wurin lokacin zuban ƙwai. Ɗan ya ce Baba bai faɗa wa kowa ba.

Da zai tafi, jami'in ya tsaya a ƙofar mai banda. Ya daɗe yana kallon gunduwoyin kifin da ke kan wayar banda.

"Goggo, wannan wane ne ya kawo?"

"Ina cikin makoki, ɗana."

Ya ce babu komai. Ya ciro takarda mai layi uku: rana, girman kifi, sunan wanda ya kama. Ya ce zai dawo ranar Litinin.

Takardar tana kan bencinta, an danne da guntun itace. Jikarta ta cike mata layi biyu na farko.