Awakin Mutiso

A gidanmu da ke yankin Makueni, kowace akuya sunan wata ƙasa take amsawa. Mijina Mutiso ne ya raɗa musu, wai idan muka tashi zaga duniya da yara, kowacce za ta biya kuɗin ƙasarta. Da yamma mukan zauna gindin mangwaro muna kallonsu, har mu ji ƙamshin teku.

Bana na ce, "Baban Kalondu, furfura ta cika gemunka. A sayar da Indiya mu fara mana!"

Ya shafa bayan akuyar. "Haba, ba ki da tausayi? Ciki gare ta. Bari ta haifa mana Japan."

Haka muke tun 'yarmu Kalondu tana goye, yau ita ke goyo. Duniya duk tana garkenmu, mu ko Mombasa da ke bakin tekun ƙasarmu ba mu taɓa leƙawa ba.