Ba A Taɓa Tumatirin Enza

A teburina ba a taɓa kaya. Duk kasuwar Ballarò an san wannan, baƙi ma rana ɗaya suke koya, don ina da wani ɗan itace da nake ƙwanƙwasa yatsu da shi. Ka faɗi abin da kake so, ka faɗi na yau ne ko na gobe, ni in zaɓa maka. Haka uwata ta yi, haka ni ma nake yi shekara talatin da ɗaya. Tumatir ai ba kumatun jikanka ba ne da za ka zo kana latsawa.

Donna Ninfa ta fi kowa sanin dokar nan. Tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da takwas, gajeriya, bakinta ya fi wuƙar mai kifi kaifi. Kullum bakwai da rabi, da ƙararrawar coci ta buga, za ka ji ƙarar tayar jakar cefanenta. Burodi tukuna, sai wajen Tanino mai kifi, sannan ni. Tun ina budurwa ban taɓa ganin ta sauya tsarin nan ba.

Ran wata Litinin ina auna wa wata albasa, sai na hango hannu yana lalube cikin tumatirina. Ban ko duba fuska ba na sauke itace, ƙwas! Ashe Donna Ninfa ce. Ba ta janye hannun ba kuwa. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Enza, waɗannan ja ne ko kore?"

Na dube ta. Idanunta suna kallon kafaɗata, ba fuskata ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan ajiye itacen.

Na ja ta bayan tebur ta zauna a kan akwatin lemu. Ta ce tun bara take ganin hazo, yanzu inuwa kawai take rarrabewa, kuma likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Ba wanda ta gaya wa. To amma ta yi tuntuɓe a matakala, wata maƙwabciya mai dogon baki ta buga wa ɗanta Gaspare waya can Torino. Ran Asabar zai zo, ya ce zai raka ta kasuwa ya gani da idonsa. In ya ga ba ta iyawa, Lahadi su tafi tare. Har ya gyara mata ɗaki a hawa na bakwai, inda ake kawo cefane a kwali a ajiye bakin ƙofa.

"A kwali, Enza! Wani ƙato da ban sani ba ya zaɓa mini yalo." Ta buga tafin hannu a gwiwa. "A gidan nan na haifi 'ya'ya huɗu, a nan na rufe idon mijina. Ba inda za ni."

"To yaya kike zuwa nan ke kaɗai?"

"Da kunne mana. In Tanino ya kwarara ihun tallarsa na san na kai kwana. Daga shi zuwa ke taku arba'in. Ke kuwa ko daga bakin teku ana jin masifarki."

Kwana biyar muka yi muna shiri. Na gaya wa Tanino, ya yi rantsuwa da kabarin uwarsa ba zai faɗa ba. Na sa mai zaitun ya janye gangarsa da ta ci hanya, bayan mun yi ta zage-zage. Ni kuma kullum in ta zo sai in ɗauki tumatir in sa mata a tafin hannu, ta juya shi, ta shinshina, don ta san abin da take saye. Dokar uwata ce na karya, ban kuma yi nadama ba.

Asabar ta zo. Na hango su daga nesa, ita a gaba tana jan jakarta, kai a miƙe, Gaspare a baya da tabarau da takalmi mai sheƙi. Tanino ya dinga ihu kamar gobara ta tashi: "Sardin! Da ransu! Yanzu suka bar uwarsu!" Ta tsaya daidai gabansa, ta ce masa kifin jiya ya sa a ƙasa, ya ji kunya ya canza. Sai ta taho, taku arba'in cif, ta tsaya a gabana ta riƙe hannun jakar da hannu biyu don kada ta manta ta yi lalube.

"Enza, tumatir na miya. Na yau."

Ta gama komai lafiya, saura wannan kawai. Ni ce na ɓata. Hannuna da ya saba kwana biyar ya ɗauki tumatir ɗaya, na kamo tafinta na sa mata.

Gaspare a kasuwar nan ya girma, yatsunsa sun sha itacen uwata. Ya dubi tumatirin, ya dubi itacen da ke kwance kusa da sikeli, ya dube ni. Na ga fuskarsa ta canza. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

"Mamma," ya ce a hankali, "tun yaushe?"

Ba ta yi ƙarya ba. "Tun Istar bara."

"Kika ɓoye mini? Mamma, gobe za mu tafi, magana ta ƙare."

Ta juya tumatirin a hannunta, ta kai hanci wajen gindinsa, sai ta ɓata rai.

"Enza, ba ki da kunya? Na yau na ce. Wannan na gobe ne."

Na duba, gaskiyarta. Ashe na ɗauko shi ne daga kwandon da bai gama nuna ba. Ta miƙa wa ɗan nata shi.

"Kai mai ido biyu da tabarau, karɓi. Zaɓo mini na yau guda ɗaya a teburin nan. Enza ta ba ka izini."

Ya tsaya yana kallon kwanduna. Duk ja ne a wurinsa. Ya ɗauko wani ƙato mai sheƙi ya ba ta, ta taɓa shi kawai ta mayar.

"Ruwa ne cikinsa. Wannan kake so in ci sauran kwanana?"

Ta miƙa hannu da kanta ta zaɓi shida, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Na ɗora mata ɗoɗɗoya a kan tumatirin, ina share hawaye da gefen riga ina cewa albasa ce. Gaspare ya kai hannu zai karɓi jakar, ta make shi.

"Bi ni a baya, kada ka ɓata."

Ran Lahadi ba na fita kasuwa, ban ji komai ba. Litinin tun shida nake duban kwanar nan, na auna wa mutum biyu kaya ba daidai ba. Ƙararrawa ta buga bakwai da rabi, shiru. Tanino ma ya daina talla, ya tsaya da wuƙa a hannu. Can sai muka ji ƙiiƙii ɗin tayar nan. Ga ta ita kaɗai, da sabuwar farar sandar makafi da take riƙe kamar an ba ta ajiyar abin ƙyama.

"Ya tafi da akwatinsa," ta ce. "Ya ce ko sanda ko Torino. Ba ni yalo, na gobe."

Ta sa hannu tana lalube. Wata mata da ke gefenta ta ga haka, ita ma ta miƙo nata. Na sauke mata itace, ƙwas!

"Haba! Ita fa da take taɓawa?"

"Ita dubawa take yi," na ce. "Na yau kike so ko na gobe?"